Doki Ɗari Bakwai, Makulli Biyu

Wata Juma'a bayan la'asar yayata ta shigo gidana da waya a hannu, ko zama ba ta yi ba ta miƙo mini. "Malam, duba mini abin da yaron nan ya turo." Hotunan motoci uku ne, ɗaya ja, ɗaya baƙa, ɗaya ruwan ɗorawa, sai saƙon murya a ƙarƙashinsu yana cewa a tambayi Kawu wacce ta fi. Shekararsa huɗu a Greensboro, garin nan na jihar Karolina ta Arewa inda ƴan Nijar suka yi yawa. Yana aiki dare da rana, ya tara abin da ya tara, ga shi idonsa ya faɗa kan Ford Mustang da Chevrolet Camaro da Dodge Challenger. Ya kuma faɗi gaskiyarsa: ba don zuwa wurin aiki kaɗai yake son motar ba, so yake ya koyi tuƙin gudu.

Uwar ba ta san sunan ko ɗaya daga cikinsu ba. Kalmar "gudu" kawai ta ji, ita ce ta hana ta barci.

Ni tarihi da labarin ƙasa nake koyarwa, kuma motocin nan ba baƙi ba ne a ajina. Ina ganin su a bayan littattafan ƴan lakol, an zana su da biro, hayaƙi na tashi daga tayoyin baya. Yaran sun gan su a TikTok, sun gan su a finafinan Fast and Furious da aka fara a 2001, inda jarumin ke tuƙa baƙar Dodge Charger ta 1970. Yaron da ba ya iya gaya maka shekarar da Faransawa suka shiga Damagaram zai gaya maka ƙarfin injin Hellcat ba tare da ya yi tuntuɓe ba. To, tunda tambaya ta zo hannun malamin tarihi, da tarihi na amsa ta. Na ga kuma ya kamata in rubuta amsar a nan, don na san ba gidanmu kaɗai irin wannan saƙo ke isowa ba.

Amurkawa na kiran waɗannan motoci da sunan da ma'anarsa ita ce mota mai ƙwanji. Girkinta ba wuya: a samo gangar jikin mota madaidaiciya mai araha, a cusa mata babban inji mai silinda takwas da aka jera su huɗu da huɗu kamar harafin V, a kai ƙarfin ga tayoyin baya, a sayar wa saurayi. Masu tsaurin ra'ayi a can za su ce Mustang da Camaro wani jinsi ne dabam, ƙanana, kuma ainihin masu ƙwanji su ne irin su GTO da Charger. Wannan gardamar tasu ce. Yau a kasuwa duk sun zama gida ɗaya.

Batun tura mota da tayoyin baya kuwa ba sabon abu ba ne a wurinmu. Peugeot 404 da 504, waɗanda suka yi shekaru suna jigila tsakanin Maraɗi da Katsina, da Damagaram da Kano, haka suke: inji a gaba, doguwar sanda a ƙarƙashin mota tana kai ƙarfi baya. Daga 1975 ma a Kaduna ake harhaɗa 504. Duk tsohon direban tasha ya san halinta. In ka taka mai, nauyin mota yana komawa baya, ya danne tayoyin da ke turawa, sai su ƙara kama ƙasa. Tayoyin gaba kuma ba su da wani aiki sai juya mota. Shi ya sa masu tsere suke son wannan tsari. Amma direban ya san ɗaya fuskar ma. In bayan mota ba kaya, ga yashi ko laka ko ruwan farko a kan gudron, ka taka mai da yawa a kan kwana, tayoyin baya sai su saki ƙasa, gindin mota ya fita gefe yana neman ya riga kai wucewa. Wannan yana faruwa ne da 504 mai kafireto wadda ƙarfinta bai kai doki 100 ba. (Ina nufin dokin da injiniyoyi ke aunawa, ba wanda ake rubutawa a takardar mota don haraji ba.) Yanzu a ɗauki wannan hali a ninka ƙarfin sau biyar, ko sau bakwai.

Yadda aka yi aka iso nan labari ne na Amurka bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Tsakanin 1946 da 1964 an haifi yara wajen miliyan 76 a ƙasar. A 1956 shugaba Eisenhower ya sa hannu kan dokar gina manyan hanyoyi masu haɗa jihohi, dubban kilomita shimfiɗe kamar tabarma. Mai ya yi araha, galan ɗaya, kusan lita huɗu, wajen santi 30. A jihohi da yawa ɗan shekara 16 na iya samun takardar tuƙi. Tun 1949 kamfanin Oldsmobile ya sa sabon injin V8 mai doki 135 a cikin ƙaramar gangar jiki ya kira ta Rocket 88, kuma da yawa daga marubuta tarihin mota suna ɗaukarta kakar wannan zuri'a. Samari sun riga sun ƙirƙiro wasansu: motoci biyu su jera a fitilar hanya, da ta ba da kore sai a ga wanda zai riga. A Detroit, babban titin Woodward ne dandalin. Saboda a janye yaran daga tituna ne wani ɗan jarida mai suna Wally Parks ya kafa ƙungiyar NHRA a 1951, aka ware fili miƙaƙƙe na rubu'in mil, mita 402, da alƙalai da agogo da dokoki. Tun kafin a haifi motar ke nan an riga an gane cewa rigimar tana kan inda ake gudun.

A farkon 1963 shugabannin General Motors suka hana dukkan rassan kamfanin shiga tseren mota. Reshen Pontiac ne abin ya fi yi wa ciwo, domin da tsere ya gina sunansa a wurin matasa. Akwai kuma wata doka ta cikin gida: mota madaidaiciya ba za a sa mata injin da ya wuce kusan lita 5.4 ba. Babban injiniyan Pontiac a lokacin, John DeLorean, da abokan aikinsa Bill Collins da Russ Gee, suka lura cewa injinsu na lita 6.4 na manyan motoci zai zauna daram a cikin ƙaramar Tempest. Sai suka bi ta bayan gida. Ba su ce sun ƙera sabuwar mota ba, wadda sai manya sun amince. Cewa suka yi ƙarin kaya ne da mai saye zai iya zaɓa, kamar yadda zai zaɓi rediyo, a kan kuɗin da bai kai dala 300 ba. Dalar Amurka nake nufi, ba dalarmu ta tamma biyar ba. Suka ari sunan GTO daga wata Ferrari ta tsere. An yi hasashen za a sayar da 5,000 a 1964. Aka sayar da 32,450. Da shugabanni suka ga kuɗi na shigowa, doka ta yi shiru.

Akwai wani ɓangare na labarin da nakan ba ɗalibaina in muna magana kan yadda ake tantance majiya. A watan Maris na 1964 mujallar Car and Driver ta gwada GTO, ta buga alƙaluman gudu masu ban mamaki, har ta jera ta da Ferrari. Bayan shekaru da yawa mutumin da ke yi wa Pontiac talla, Jim Wangers, ya amsa da bakinsa cewa an musanya injin motar gwajin da wanda ya fi girma kafin a miƙa ta ga ƴan jarida. Dubban samari sun karanta waɗannan alƙaluma sun gaskata. Da ƴar ƙarya aka yi wa jaririyar wankan farko.

Abin da ba a musanya ba shi ne birki. GTO ta farko, mai doki 325, da birkin ƙaramar Tempest ta fito, irin na da mai goga a cikin kwano, a duka tayoyi huɗu, wanda in ya yi zafi sai ya daina kamawa. Tayoyin sirara ne. An ƙara wa doki hatsi, linzamin kuwa na jaki ne aka bar masa. Ba wai injiniyoyin ba su sani ba. Ƙarfin inji ake iya rubutawa a allon talla da manyan lambobi, shi ke sayar da mota; birki ba ya jan ido.

A ranar 17 ga Afrilu 1964 Ford ya fito da Mustang a babban baje kolin duniya na New York, a kan dala 2,368. Lee Iacocca ne ya tsaya mata a cikin kamfanin. A ƙarƙashin kyakkyawar fatarta kayan Falcon ne, wata mota mai arha ta magidanta. A shekarar farko an sayar da fiye da 400,000, kafin shekara biyu ta cika an kai miliyan. Daga nan kowa ya shiga rububi. Chevrolet ya kawo Camaro a ƙarshen 1966. Dodge ya kawo Charger, daga baya Challenger a ƙarshen 1969. Plymouth ya biya Warner Bros dala 50,000 don ya sa wa motarsa sunan wani tsuntsun zanen yara, Road Runner, har da hon mai kwaikwayon kukansa, abin da ke nuna shekarun waɗanda ake farauta. A 1968 fim ɗin Bullitt ya nuna Steve McQueen cikin koriyar Mustang yana bin Charger a tuddan San Francisco. Zuwa 1970 Chevelle mai injin lita 7.4 tana da'awar doki 450, injin Hemi na Chrysler kuma 425.

Shekara shida ke nan kacal daga GTO ta farko zuwa ƙololuwa. Faɗuwar ba ta kai haka tsawo ba, kuma ba abu ɗaya ya jawo ta ba.

Na farko gawarwaki. A 1965 wani matashin lauya, Ralph Nader, ya wallafa littafin Unsafe at Any Speed yana zargin kamfanonin mota da fifita ado a kan rai, kuma a 1966 majalisa ta yi dokar da ta ba gwamnatin tarayya ikon tsara ƙa'idojin tsaron mota. Duk da haka a 1972 mutum fiye da 54,000 ne suka mutu a hanyoyin Amurka, adadin da har yau ba a sake kaiwa ba. Kamfanonin inshora, abin da mu nan muke ce wa asiransi, ba su jira majalisa ba. Su suke biyan diyya, su suka riƙe lissafi, suka ga cewa saurayi da babban inji haɗi ne mai tsada. Sai suka ɗora ƙarin kuɗi mai nauyi a kan irin waɗannan motoci, musamman ga namiji ɗan ƙasa da shekara 25 wanda bai yi aure ba. Motar da aka ƙera don talakan saurayi ta fi ƙarfin aljihunsa, ba a wurin dillali ba, a wurin mai inshora.

Sai hayaƙi. Dokar tsabtace iska ta 1970 ta tilasta a rage gubar da ke fita daga salansa, aka koma mai marar darma, aka sassauta matsin injuna, ƙarfi ya ragu. A 1972 kuma aka canza yadda ake auna dokin kansa: maimakon a auna inji tsirara a kan benci, sai a auna shi da duk kayan da yake ɗauke da su a cikin mota. Lambobin talla suka zube dare ɗaya. Wannan ya sa duk wanda ke kwatanta ƙarfin motar 1969 da ta yau sai ya rage wa ta da wani kaso.

Na ƙarshe mai. A watan Oktoba na 1973, lokacin yaƙin Larabawa da Isra'ila, ƙasashen Larabawa masu arzikin mai suka hana sayar wa Amurka. Gangar ɗanyen mai ta tashi daga wajen dala 3 zuwa kusan 12. Aka yi dogayen layuka a gidajen mai, kuma a farkon 1974 gwamnati ta ƙayyade gudu a manyan hanyoyi zuwa mil 55 a awa, kusan kilomita 89. Iyayenmu a wannan shekara ba ta mota suke ba, fari ne ya cinye dabbobi, kuma a watan Afrilu sojoji suka kifar da Diori Hamani. Amma shekara ɗaya ce, kuma nakan so ɗalibai su ga haka a kan allo: a 1974 aka daina ƙera Challenger da Barracuda, GTO ta yi shekararta ta ƙarshe a wancan zubin, Mustang kuwa ta koma ƴar ƙarama, mafi arharta mai silinda huɗu da doki 88, ƙasa da 504 ɗinmu. Abin dariya, ta yi kasuwa sosai.

Shekaru talatin da suka biyo baya ba sai na daɗe a kansu ba. Mustang ba ta taɓa yankewa ba. Camaro ta lallaɓa har 2002 aka rufe ta. A hankali kwamfuta ta shiga cikin inji, tana auna mai da iska sau da yawa a daƙiƙa, sai ya zama ana iya samun ƙarfi ba tare da hayaƙin da ba. A 2005 Ford ya sake zana Mustang da kamannin ta 1960 da wani abu, Challenger ta dawo a 2008, Camaro a 2009, shekarar da General Motors da Chrysler suka durƙushe har sai da gwamnati ta tallabe su. Yaran da suka yi sha'awar motocin nan a 1968 yanzu sun yi furfura, sun tara kuɗi, kuma ƙuruciyarsu ake sayar musu. Sunayen da suka fara wasan kuwa duk sun mutu: Plymouth a 2001, Oldsmobile a 2004, Pontiac a 2010.

A zubi na biyu an gyara linzami, wannan gaskiya ne. Birki ya zama na faranti mai faɗi, tayoyi suka yi kauri, kuma daga motocin 2012 doka ta wajabta na'urar da ke jin gindin mota ya fara zamewa ta taka birkin taya guda ta rage mai kafin direba ya ankara. Amma tseren lambobi ya dawo da ƙarfinsa. A 2015 Dodge ya fito da Challenger Hellcat mai doki 707. A 2023 wata da ake kira Demon 170 ta kai 1,025 in an sa mata mai na musamman, tana cinye mita 402 ɗin nan cikin ƙasa da daƙiƙa tara.

Hellcat ta zo da makulli biyu, ja da baƙi. In ka tada ta da jan makulli, duka dawakan 707 naka ne. In da baƙin ne, kwamfuta na tsare inji a doki 500. Baƙin shi ne wanda za ka ba ɗanka ko mai wankin mota. Na daɗe ina tunani a kan wannan. Kamfanin da kansa ya yarda cewa abin da ya sayar ya fi ƙarfin hannun mafi yawan mutane, sai ya miƙa wa mai gida hukuncin. Kuma makullin da aka kira na lafiya ya fi ƙarfin kowace mota da aka sayar a 1970. Har ila yau Dodge ya riƙa ba wanda ya sayi sabuwa yini ɗaya na horo a wata makarantar tuƙin tsere ta Bondurant da ke Arizona. Wanda ya sayi ta hannu, kamar yadda ɗan yayata zai yi, mota kawai zai karɓa.

To, wacce ta fi? Ya danganta da irin gudun da mutum ke nufi, domin gudu iri biyu ne, kuma tun asali gidan nan ya rabu a kansu. Akwai na miƙaƙƙen fili, gadon titin Woodward. Akwai na zagayayyen fili mai kwanoni, inda birki da nauyi da yadda taya ke kama ƙasa suka fi ƙarfin inji muhimmanci.

Challenger ta gidan farko ce. Babba ce, mai nauyi, manyanta na kusan tan biyu, an gina ta a kan tsohon ginshiƙi da ke da gadon zamanin da Chrysler ke haɗe da Mercedes. Tana da wurin zama a baya wanda babban mutum zai iya shiga, tana da daɗin doguwar tafiya, kuma a miƙe ba ta da wasa. A kwana kuwa nauyinta na bin ta bashi, yana cin taya yana dafa birki. Camaro ta ƙarshe, wadda aka fara a 2016, ita ce kishiyarta: an rage mata nauyi, an ɗora ta a kan ginshiƙin wata ƙaramar Cadillac, nau'in SS na da doki 455, kuma in an haɗa mata kayan da suke kira 1LE, wato birki da tayoyi da na'urorin sanyaya inji na filin tsere, masu gwajin motoci da yawa sun fifita ta a kan sauran a kwanoni. Aibinta tagogi ne ƙanana. Direba na zaune kamar a cikin rijiya, ba ya ganin gefensa da kyau, abin da ke da nauyi ga mai shiga cunkoso kullum. Mustang tana tsakiya. Har zuwa 2014 yawancinsu tayoyin baya a kan sanda ɗaya suke kamar na a-kori-kura, in ɗaya ta faɗa rami ɗayar ta ji. Daga 2015 ne kowace taya ta samu ƴancin kanta. Nau'in GT mai lita 5 ya tashi daga doki 435 a 2015 zuwa 460 a 2018 zuwa 480 a 2024.

In ra'ayina ake so, wanda da gaske koyon tuƙi yake nufi, Camaro ko Mustang zai duba, kuma ba manyansu ba. Mustang mafi ƙanƙanta, mai silinda huɗu da turbo, ƙirar 2015 zuwa 2023, tana da doki 310. Camaro mai silinda shida tana da 335. Da ma'aunin yau, kowacce ta fi GTO ɗin da ta girgiza Amurka a 1964. Mai koyo ya fi ƙaruwa da motar da zai iya kai ta iyakarta ya ji inda taya ke fara saki, a kan wadda tun a giya ta biyu ta riga ta wuce saninsa. Kuɗin da ya rage kuma akwai masu jiransa: tayoyi, da takalman birki, da hular kwano, da kuɗin shiga fili inda malami ke zama a gefenka.

Akwai wani bincike da ya sa na ƙara tsayawa a kan batun fili. A 2023 cibiyar IIHS, wadda kamfanonin inshora na Amurka ke ɗaukar nauyinta, ta fitar da lissafin motocin da direbobinsu suka fi mutuwa, na ƙirar 2020 da makamantansu. Cikin 21 da suka fi muni, shida nau'o'in Camaro ne da Challenger da Charger da Mustang. Sauran galibi ƙananan motoci ne marasa kauri, waɗanda dama an san su da haka. Abin da ya ja hankalin masu binciken shi ne akwai motocin alfarma masu ƙarfin inji kusan iri ɗaya da waɗannan, amma suna cikin waɗanda aka fi tsira a cikinsu. Ƙarfi ɗaya, sakamako dabam. Wani ɓangare na bambancin na'urorin tsaro ne da masu tsada ke zuwa da su. Amma cibiyar ta kuma nuna yatsa ga sunan da motocin suka yi da yadda ake tallarsu. Mai sayen Mercedes an gaya masa hutu ya saya. Mai sayen Charger, tun daga Jim Wangers har zuwa bidiyon da ke wayar ɗalibina, shekara sittin ana gaya masa abin da ake tsammanin ya yi da ita in fitila ta ba da kore.

Mu ma mun san wannan a namu gwargwadon. Dokin da ake sukuwa da shi a fili, jama'a na gefe suna kallo, shi ne dai wanda in yaro ya sake shi cikin kasuwa sai an yi kuka. Kuma duk wanda ya taɓa bin ayarin ɗaurin aure a Yamai ko Maraɗi ya ga samari suna juya mota a tsakiyar titi, ƙura na tashi, yara ƙanana na tsaye a bakin hanya suna tafi. Ba su da doki 700, amma darasin da suke kwaikwayo daga can ya taso.

A watan Disamba na 2023 aka ƙera Challenger ta ƙarshe a Brampton ta Kanada, Camaro ta ƙarshe kuma a Lansing ta jihar Michigan. Sabuwar Charger da ta biyo baya da lantarki ta fara fitowa, kuma da duka tayoyi huɗu take ja. Mustang ce kaɗai ta rage a kan tsohon girki. Ma'anar wannan ga mai saye ita ce biyu daga cikin hotuna ukun nan sai dai ta hannu, kuma motar irin wannan ba kasafai ake samun wadda tsohuwa ta riƙa zuwa cefane da ita ba. Sai makanike ya ɗaga ta ya duba ƙarƙashi, a nemi tarihin haɗurranta, a ga ko wani ya taɓa kwamfutar injin don ƙarin ƙarfi. Ɓarayi ma suna son su. Manyan Dodge sun sha zama a saman jerin motocin da aka fi sacewa a Amurka, kuma mai inshora ya san haka.

Duk wannan na tattara na tura wa yaron cikin saƙon murya huɗu, uwarsa na zaune tana saurare. Na ce masa kafin ya je wurin dillali ya fara kiran kamfanin inshora, ya ba su shekarunsa da sunan kowace mota, ya rubuta abin da za su ce. Na ce ya nemi filin tsere mafi kusa da shi, jihar da yake ciki gidan tseren mota ce, ya biya yini ɗaya da malami ko da da tsohuwar motarsa ce, sannan ya dawo mu yi maganar launi.

Bayan kwana tara ya kira. Ya ce kuɗin inshorar baƙar, wato Challenger mai babban inji, ya sa shi zama a kan kujera. Ya ce ya je filin, malamin wata dattijuwa ce mai furfura, kuma a zagaye na uku ta sa shi ya tsaya ta tambaye shi ina yake kallo, ya ce gaban mota, ta ce to shi ya sa. Yanzu tsakanin jar da ruwan ɗorawar yake, ƙananan injunansu, bai yanke ba tukuna.

Yayata ta karɓi wayar daga hannuna. Ba ta tambaye shi doki nawa ba. Cewa ta yi, waccan mai makulli biyun da Kawunka ya faɗa, in ita ka saya, ka aiko mini da jan ta hannun mai zuwa gida.